Wa zai ba shi maganin wata mai zuwa?

Duk mazaunin Zariya ya san yadda ake yin taron duba marasa lafiya kyauta. Ana kafa rumfuna a filin wata makarantar firamare, a jera kujerun roba, a rataya ƙyalle mai hoton wanda ya ɗauki nauyi, mai shela ya zaga unguwa da lasifika tun jajibiri cewa gobe za a duba marasa lafiya kyauta. Kafin hantsi layi ya kai bakin titi. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, magidanta sun bar sana'arsu. Likitoci da malaman jinya su yini suna aiki tsakani da Allah, a auna jini, a soki yatsa, a ƙulla magani a farar leda. La'asar sakaliya a naɗe rumfa, a loda kujeru a mota, a sanar cewa an duba mutum ɗari kaza.

A cikin wannan layin akwai dattijon da aka auna aka ga jininsa ya kai 170 bisa 100. An ba shi maganin kwana goma, ko na wata ɗaya in an yi yalwa, aka ce ya rage gishiri. Hawan jini kuwa ba ya warkewa da maganin wata ɗaya. Ranar da ƙwayar ƙarshe ta ƙare, cikin 'yan kwanaki jinin zai koma inda yake, shi kuma yana zaton an riga an yi masa magani tunda kansa ya daina sarawa. Babu katinsa a ko'ina, babu wanda ya san gidansa, babu wanda zai lura bai dawo ba, don babu ma wurin da zai dawo. Ra'ayina shi ne kuɗi da ƙarfin da muke zubawa a irin wannan taro sun isa su riƙe ƙananan asibitocin kyauta na dindindin a unguwanninmu, masu ƙofa ɗaya da ranaku sanannu, kuma abin da ya kamata a auna su da shi shi ne ko wannan dattijon ya sami maganinsa a wata na biyu, da na bakwai, da na goma sha biyu.

Dalilin cikar layin a bayyane yake. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita, a ranar da ciwo ya kama. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarta. A watan Mayun 2022 aka sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowa, har ta tanadi asusu na masu rauni. Jihar Kaduna ma tana da hukumarta, KADCHMA. Duk da haka ka tsaya a Tudun Wada ko kasuwar Sabon Gari ka tambayi ɗan acaɓa, da mai ɗinkin hula, da mai dakon buhu, da bazawarar da ke sayar da ƙosai ko suna da katin inshora, za ka daɗe ba ka ji wanda ya ce e ba.

Mutumin da ba shi da kati yana da hanyarsa, kuma kusan iri ɗaya ce. Ya fara da jiƙo ko sassaƙe. In bai ji sauƙi ba ya je kyamis ya ce a haɗa masa na ɗari biyar, a yanko masa ƙwaya biyu daga wannan, uku daga wancan. Sai ciwo ya kwantar da shi a kinkime shi zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ko a yi doguwar tafiyar nan a wuce Samaru zuwa asibitin koyarwa na Shika, inda za a fara lissafin kati, gwaji, hoto, gado, ƙarin jini. A nan ake sayar da akuya, a jinginar da gona, a zaga da takardar neman taimako a masallaci. Shanyewar ɓarin jiki da ta cinye jarin gida gaba ɗaya, sau da yawa ƙwaya ɗaya a rana ce da za ta hana ta.

Za a ce da babu gara ba daɗi, kuma akwai gaskiya a ciki. Wasu ayyukan taron kwana biyu ko uku ya dace da su, domin sau ɗaya ake yin su a gama: cire yanar ido, tiyatar gwaiwa, raba tabarau. Tsohuwar da aka cire wa yana ta koma ganin jikokinta ta amfana har ƙarshen rayuwarta, muddin an tanadi maganin ɗigawa da ranar da za a sake duba idon. Ba na neman a daina waɗannan. Inda matsalar take shi ne cututtukan da suke zama da mutum, su hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, sikila, da kuma ciwon yara da ke zuwa duk ranar da ya ga dama, ba ya jiran ranar da mai hali zai kafa rumfa.

Asibitin kyauta na al'umma ba baƙon abu ba ne a duniya. A Amurka, duk arzikinta, akwai irinsu fiye da dubu, suna duba waɗanda ba su da inshora, akasari da likitocin sa-kai da kuɗin gudummawa. A tarihin Musulunci kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da dukiyar wakafi aka riƙa tafiyar da shi, ana jinyar mai kuɗi da talaka ba a karɓar komai. Abin lura a misalin Alƙahira shi ne an ware wa asibitin kadarorin da za su ciyar da shi kowace shekara tun ranar da aka gina shi. Mu kuwa mun fi ƙwarewa a gini da yanke ƙyalle.

Kuskure na farko da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne son yin komai. Ɗaki uku da rumfar jira ba za su zama Shika ba, kuma duk ƙoƙarin zama hakan yana kashe mutane. Ƙaramin asibitin kyauta ya rubuta abin da zai yi a takarda ɗaya ya manna a bango: hawan jini da ciwon suga marasa rikici, zazzaɓin cizon sauro da bai yi tsanani ba, gudawa da ciwon haƙarƙarin yara, tantance tamowa, wanke ciwo. Ba kwanciya, ba tiyata, ba ƙarin jini, ba karɓar haihuwa sai in akwai ungozoma mai lasisi dare da rana da firij mai riƙe allurar tsayar da jini da motar da za ta ɗauki mace in abu ya rikice. In babu waɗannan, a auna jinin mai ciki, a gwada fitsarinta, a haɗa ta da asibitin mazaɓarta don awo. Jama'a za su matsa a riƙa yi musu allura da ƙarin ruwa, domin a idon da yawa wanda ba a rataya wa leda ba ba a yi masa magani ba. Dole a iya cewa a'a cikin ladabi, a kuma yi bayani.

Bari in tsaya a kan hawan jini, domin shi ne zai cika rajista, kuma a kansa ake gane ko wuri ya san aikinsa. Awo kansa sana'a ce. Mutumin da ya taho a ƙafa daga Ƙofar Doka cikin rana, ya tauna goro a kan layi, aka ɗaura masa abin awo bisa hannun babbar riga yana magana, lambar da za ta fito ba tasa ba ce. Ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ba taba ba shayi mai ƙarfi rabin awa kafin nan. A auna sau biyu. Abin ɗaurawar ma ya zama akwai babba da matsakaici, domin ƙarami a damtsen mai jiki yana ƙara lamba, sai a ɗora wa mai lafiya magani. In an sami 140 bisa 90 ko sama, a sake aunawa wata rana kafin a ce masa yana da hawan jini. In kuwa ya haura 180 bisa 110 ga ciwon ƙirji, ko dishi-dishin gani, ko nauyin baki da hannu, wannan na babban asibiti ne a take.

Magani kuma a bi tsari guda wanda kowane ma'aikaci ya haddace, kada kowane likitan sa-kai ya zo da wanda ya saba rubutawa. A fara da amlodifin mai miligiram 5 sau ɗaya a rana. In bayan wata jinin bai sauka ba a ƙara losatan, sannan a ɗaga awon mataki-mataki. A gaya wa majiyyaci tun farko cewa amlodifin kan kumbura idon sawu, don kada ya gani ya watsar da maganin ya ce sammu ne. Losatan da danginsa ba a ba mai ciki ko wadda ke iya ɗaukar ciki ba tare da an yi magana da ita ba, domin suna cutar da ɗan tayi. Wannan tambaya ɗaya, ko kina da ciki ko kina sa rai, tana buƙatar ɗaki mai labule da ma'aikaciya mace. A tsakiyar fili ba wadda za ta amsa ta da gaskiya.

Sai lissafi, wanda nan ne yawancin gidauniyoyi ke faɗuwa. A yi shi da ƙwaya, kada a yi da naira, tunda farashin magani ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ce asibitin ya ɗauki masu hawan jini 200. Kowa ƙwaya 30 a wata, wato 6,000 a wata, 72,000 a shekara. A ƙaddara rabinsu za su buƙaci magani na biyu, ƙarin 36,000 ke nan. Jimilla 108,000, ga kuma ajiyar wata uku da ba a taɓawa sai kaya sun makara. Wanda zai iya sayen na mutum 200 kada ya yi wa 600 rajista. Na san zafin mayar da mutum, amma raba maganin mutum 200 ga mutum 600 na nufin kowa ya sha wata huɗu ya zauna wata takwas, ba wanda aka kare daga shanyewa. A rufe rajista a inda kuɗi ya tsaya, a buɗe littafin jira, a nuna wa masu hannu da shuni littafin su ga sunaye nawa ke jiran su.

Ciwon suga ya fi tsada da wuyar sha'ani. Na'urar gwaji ba ita ce kuɗin ba, tsinkayen gwajin ne, kuma kowace na'ura da irin nata. Sau da yawa a kawo kyautar na'urori iri uku waɗanda ba a samun tsinkayensu a Zariya, su zama kayan ado. A zaɓi iri ɗaya da ake samu a gari, a riƙa rufe kwalbar tsinkayen da zarar an ɗauki ɗaya, domin zafi da danshi suna lalata su su riƙa ba da lambar ƙarya. Wanda aka gwada da safe bai karya ba aka sami 126 ko sama a ma'aunin miligiram, wato 7 a ɗaya ma'aunin, a maimaita wata rana a tabbatar. Kowane zuwa ya cire takalmi a duba ƙafarsa har tsakanin yatsu, domin ƙaya ko ƙusar da bai ji shigarta ba ita ke kai mutum ga yanke ƙafa. Kafin azumi da wata guda a zauna da kowa a gyara masa lokutan shan magani. Wasu magungunan, irin gilbenkilamaid, suna iya kayar da sugan mai azumi har ya suma, kuma jama'armu za su yi azumi ko an hana su, don haka gara a shirya su. Allurar insulin tana son sanyin firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare. Wanda ba shi da firij a gida a koya masa ajiye kwalbar da yake amfani da ita a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka sa cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa, ruwa bai taɓa ta ba.

Ga yara kuwa, daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓi ne zai cika rumfa. Kada a ba da maganin maleriya sai an soki yatsa an gwada, a kuma karanta sakamakon cikin mintunan da aka rubuta a kwalin, galibi 15 zuwa 20, domin bayan nan layin da zai fito ba abin dogaro ba ne. Maganin da aka fi bayarwa sha shida ne cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko, a sha da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi. Uwa takan tsaya a sha na uku in zazzaɓi ya sauka, ta ajiye sauran don ƙanensa. Hanyar hana wannan ita ce ta tabbata in ƙanen ya kamu za ta samu wani kyauta. Al'adar nan ta cewa kowane zazzaɓi maleriya da taifod ne, bisa gwajin jini na taifod, wato Widal, guda ɗaya, tana cinye kuɗi tana kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, asibitin kyauta kada ya shiga cikinta. Mai gudawa a ba shi haɗin gishiri da suga na leda, wanda ake narkawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Mai tari a ɗaga rigarsa a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: 50 ko sama ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko sama ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alamar ciwon haƙarƙari ce. Kowane yaro daga wata shida a zagaya masa tef a damtse, in ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa jan ɓangaren tef ɗin, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, tamowa ce mai tsanani. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana aman duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ba a zaunar da shi a layi.

Ɗakin ajiyar magani shi ne zuciyar wurin, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Yawancin ƙwayoyi an rubuta a jikinsu a ajiye ƙasa da digiri 30, alhali a Maris da Afrilu zafin Zariya kan doshi 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin kuma ya fi waje zafi. A yi silin, a buɗe tagogin iska, a ɗora kwalaye a kan katako nesa da bango, a rataya ma'aunin zafi a riƙa rubutawa safe da rana. Kowane magani da katinsa: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ya rage, yaushe zai lalace. Wanda ya fi kusa da lalacewa shi ke gaba a kanta. A sayi magani daga dillali mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a karɓi rasit mai lambar rukunin kayan, domin jabun magani ya fi son inda ake neman araha. Kyautar magani kuma a koyi ƙin karɓarta in ba ta dace ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce maganin da za a bayar gudummawa ya zo da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace. Kwali ashirin na maganin da saura wata biyu, ko wanda ba ya cikin jerin abin da asibitin ke amfani da shi, shara ce aka kawo maka ka nemi yadda za ka ƙona. Allurai da tsinken sukar yatsa kuwa a zuba su a akwatin kwali na musamman, a rufe in ya kai kashi uku cikin huɗu, a yi yarjejeniya da asibitin da ke da wurin ƙonawa. Yaran unguwa suna tonon bola.

Ta fuskar ma'aikata Zariya ta fi kusan kowane gari a Arewa sa'a. Ga tsangayar koyon likitanci da ta haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello, ga makarantun jinya, ga tsofaffin nas-nas da ungozomomi da suka yi ritaya suna zaune a Samaru da Hanwa da Gyallesu da Wusasa da ƙwarewar shekara talatin a hannunsu. Amma sa-kai yana da iyaka. Likitan da ya kwana a bakin aiki ba za a dogara da shi kowace Asabar ba, ga shi abokan aikinsa suna ta tafiya Saudiyya da Ingila, nauyin ya ƙaru a kan waɗanda suka rage. Mutum biyu dole a biya su albashi: nas ko jami'in lafiyar al'umma da zai riƙe wurin kullum, da mai kula da kati da ajiya. Likitoci su riƙa zuwa bisa jadawali, sau ɗaya a mako ko biyu, su duba waɗanda aka ware musu. Ɗalibai su zo su koya su taimaka, amma kada a bar su su rubuta magani ba mai sa ido. Kowa a ga lasisinsa na bana, wurin kuma a yi masa rajista da ma'aikatar lafiya ta jiha, ƙungiyar da ke riƙe da shi ta yi rajistar amintattu. Talaucin majiyyaci ba ya rage masa haƙƙin a duba shi bisa ƙa'ida.

Lokacin buɗewa ma a yi shi da sanin gari. Mai aikin yini in ya zo asibiti da safe gidansa ba a ɗora tukunya ba, kuma mata da yawa a cikin birni sun fi samun fita bayan la'asar ko magariba. Yamma biyu a mako da safiyar Asabar za su fi amfani a kan ƙarfe takwas zuwa biyu na ranakun aiki. Hakan na nufin fitila, don haka sola ta shiga lissafi tun farko.

Tura majiyyaci gaba shi ne inda ake yawan yaudarar kai. A ce wa uwa ki kai shi Shika, a rubuta a littafi an tura, ita kuwa ta fita ƙofa ta juya gida domin ba ta da kuɗin Keke Napep balle na kati. Turawa ta gaskiya tana da takarda mai bayanin abin da aka gani da abin da aka bayar, da lambar wayar wani takamaiman ma'aikaci a can da aka saba da shi, da kuɗin mota a hannu, da kira bayan kwana biyu a ji ko an isa. Asusun turawa a ware shi daban, kada a taɓa shi don sayen magani. Wasu abubuwan ma kyauta suke in an san ƙofarsu. Mai tarin da ya kai mako biyu, ga rama da zufan dare, gwajin majinarsa da maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye, a bakin ƙofarmu. Rigakafin yara kyauta ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa. Rabin aikin asibitin unguwa shi ne sanin waɗannan ƙofofi da raka mutum har bakinsu.

Akwai masu cewa a karɓi ɗan wani abu, ko naira ɗari biyu, wai abin da aka samu a banza ba a daraja shi. Ban yarda ba. Kuɗin da mai albashi ke gani ba komai ba shi ne ke sa bazawara ta ce bari mu ga gobe. An gwada sayar da magani a ƙananan asibitoci don a riƙa juya kuɗin, tun shirin Bamako na 1987, kuma abin da ya sha karya irin wannan asusu sananne ne: farashi ya tashi kafin a sake saro kaya, a yafe wa wasu ba a mayar da kuɗinsu ba, a ranci kuɗin a yi wata hidima. Gara kada kuɗi ya shiga hannu a asibitin ko kaɗan. Masu bayarwa su zuba a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa manna lissafin kowane wata a bango. Alkawarin 'yan kasuwa arba'in na biyan wani abu duk wata ya fi miliyoyin mutum ɗaya ranar buɗewa, musamman in mutumin yana da zaɓe a gabansa.

Zakka tana da wuri a nan, amma da sharuɗɗanta. Malamai da yawa suna ganin sai an mallaka wa wanda ya cancanta, don haka ba a gina ɗaki ko biyan albashi da ita kai tsaye. A zauna da malamai a buɗe littafi biyu: na zakka, wanda za a sayi magani da shi da sunan majiyyatan da suka cancanta, da na sadaka da wakafi da gudummawar kowa da kowa, wanda zai ɗauki haya, albashi, sola, da duk wanda ya shigo. Shaguna uku ko huɗu da aka yi wakafinsu, hayarsu na shiga duk shekara, sun fi kowace gidauniya da za a kafa a ɗakin taro. Zariya gari ne na Musulmi da Kirista, ciwo kuma bai san bambanci ba, don haka a bakin ƙofa kada a tambayi kowa addininsa ko jam'iyyarsa. Tantance wanda za a ɗauka a rajistar dogon magani kuwa kwamiti ya yi, da mai unguwa, da liman, da fasto inda akwai, da mata aƙalla biyu, domin su suka san gidan da ake kwana ba a hura wuta ba. A yi shi a asirce. Kada a ɗauki hoton kowa yana karɓar magani.

Duk wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta, kuma asibitin kyautar da ya sa jama'a suka daina tambayar haƙƙinsu ya yi ɓarna. Dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don asusun lafiya a matakin farko, rabinsa don biya wa talakawa inshora. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255, ƙaramar hukumar Zariya kuma tana da 13, daga Kwarbai da Kaura har Dutsen Abba da Wuciciri. Saboda haka a kowane asibitin kyauta a ajiye tebur ɗaya wanda aikinsa kawai taimaka wa mutane su yi lambar NIN, su cike takarda, su shiga shirin KADCHMA ko na masu rauni in an buɗe gurbi. Duk wanda ya shiga ya bar wa na cikin littafin jira wuri. Wani lokaci ma abin da ya fi shi ne kada a gina komai, a je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa wanda ke da ɗaki da ma'aikata amma kantarsa ba magani, a yi yarjejeniya a rubuce, a riƙe masa ranar masu hawan jini da suga, kwamitin mazaɓa kuma ya riƙa bin sawun kuɗin da ake turo masa.

A ƙarshen kowane wata uku kwamiti ya buɗe rajista ya nemi amsar tambayoyi kaɗan. Cikin waɗanda aka rubuta, nawa suka dawo a ranarsu? Cikin waɗanda suka dawo, nawa jininsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90? Kwana nawa kanta ta yi babu amlodifin? Cikin waɗanda aka tura gaba, nawa suka isa? Don a iya amsawa, katin kowa ya ƙunshi lambar waya biyu, tasa da ta wani na kusa da shi, da kwatancen gida irin namu, bayan masallacin wane, zaure na uku. A ajiye katunan a akwati bisa ranar dawowa, ta yadda duk katin da ya rage a gurbin makon jiya mai shi bai zo ba ke nan. A kira shi cikin mako. In wayar ba ta shiga, a ba wani matashi kuɗin mai ya hau babur ya je zauren ya yi sallama, ya ce Baba an ga ba ka zo karɓar maganinka ba, lafiya dai?